Muhawara a zauren kimiyya: layin baƙin ƙarfe mai yawo a hasken SS 433

Ɗalibar Fiziks: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai, ina neman a warware mini. Ina karatu a kan taurarin nan na cikin galaksinmu masu feso iskar gas da gudun da ya doshi na haske, sai na ci karo da bakan eksire, wato zanen da ke rarraba hasken eksire bisa ƙarfinsa, na wanda ake kira SS 433, wanda tauraron ɗan Adam Chandra ya ɗauko. A aji an koya mana cewa kowane sinadari yana da layinsa, wato ƙarfin hasken da yake fitarwa, a gurbi ɗaya a bakan. Baƙin ƙarfe mai tsananin zafi layinsa na kan 6.7 keV (keV ma'aunin ƙarfin ɗigon haske ne). Amma a nan layin biyu ne, ɗaya ya haura sama, ɗaya ya gangaro ƙasa, kuma an ce in ka dawo bayan wata biyu ba za ka same su inda ka bar su ba. Malam na Gwale, Allah ya gafarta Malam, kai nake jira.

Maman Sadiq: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin Malam ya shigo bari in sako tawa. Ni aikina ke nan kullum a asibiti, hoton ƙirji da na ƙashi, kuma ba na danna na'ura sai na laɓe bayan bangon dalma. Yanzu kina cewa eksire na zubowa daga sama. To yaya muke yawo a filin Allah ba abin da ya same mu?

Malam na Gwale: Wa alaikumus salam. Maman Sadiq, tambayarki ce ƙofar maganar. Iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye eksiren sama kaf, ko ɗigo ba ya isowa ƙasa. Shi ya sa ko ka hau Dala da na'urar da ta fi kowace tsada ba abin da za ka kama. Sai a 1962 aka harba roka a Amurka ɗauke da ma'auni, ta leƙa saman iska na 'yan mintuna, ta gano tauraro mai fitar da eksire da ake kira Scorpius X-1. Tauraron ɗan Adam na farko da aka keɓe wa wannan aiki kuwa, Uhuru, daga gaɓar tekun Kenya kusa da Malindi ya tashi, ranar 12 ga Disamba 1970. Sannan ƙarfin ba ɗaya ba ne. Naku na asibiti kuna kunna shi tsakanin kilobolt 60 zuwa 120 don ya ratsa jiki. Layukan da ɗalibarmu ke magana a kai na wajen 6 zuwa 7 keV ne, ba za su iya ratsa ƙirjin mutum ba.

Maman Sadiq: Alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta. Maganar layi kuwa na san ta tun muna makaranta. In aka zana hasken da bututun na'urarmu ke fitarwa, za ka ga wani tudu mai faɗi, sai wasu tsinaye sirara sun taso a kansa, babban yana wajen 59 keV. Wannan na tangistan ne, ƙarfen da ke cikin bututun. Na'urar duba mama kuma, wadda ke da molibdenam, nata tsinin na kan 17.5. In aka nuna mini zanen kawai zan faɗi ƙarfen da ke ciki.

Alhaji Mai Zinare: Ni ba ɗan boko ba ne, 'ya'yana, amma wannan na gane shi. A wurin gwajin zinare akwai 'yar na'ura da ake ɗora sarƙa a cikinta, a rufe, kafin ka gama gaisawa da mai shago ta rubuto maka: zinare kaza, jan ƙarfe kaza, azurfa kaza. Ba a kankare sarƙar ba, ba a ɗiga mata ruwan gwaji ba. Da na tambaya aka ce mini haske take harbawa ta karanta wanda ya dawo. Da ita ake yanke cinikin miliyoyi, ba mai musu. Ashe abu ɗaya ne da naku?

Malam na Gwale: Shi ne sak, ranka ya daɗe. Jan ƙarfe yana amsawa a kan 8.0 keV, zinare wajen 9.7, azurfa wajen 22, baƙin ƙarfe mai sanyi 6.4. Bambancin kawai, kai sarƙarka na tafin hannunka, mu kuma tamu na nesan da haske ke shekara wajen 18,000 kafin ya iso.

Yanzu bari in komo kan tambayar ɗiyata. SS 433 taurari biyu ne da ke kewaya juna cikin kwana 13. Ɗaya ƙaton tauraro ne, ɗayan kuma gawar tauraro ce da ta dunƙule, mafi yawan masana sun karkata ga cewa baƙin rami ne, wato abin da ƙarfin jansa ya kai ko haske ba ya kuɓuce masa. Ƙaton yana zubar da iskar jikinsa, dunƙulallen yana zuƙa. Iskar ba ta faɗawa kai tsaye, sai ta yi faifai tana kewayawa tana matsowa ciki, tana ƙara zafi. Abincin ya fi ƙarfin mai ci, saboda haka wani kaso yana tsartuwa waje ta sama da ƙasan faifan, feshi biyu sirara ƙwarai, kowanne na gudun kashi 26 cikin 100 na gudun haske, wato wajen kilomita 78,000 a daƙiƙa ɗaya.

A gindin feshin zafi ya kai miliyoyin digiri masu yawa. Ƙwayar baƙin ƙarfe tana da elektron 26. A wannan zafi sai a fige ta, ya rage saura 2 ko 1. Mai saura 2 ita ke ba da layin 6.7, mai saura 1 tana ba da na kusan 7.0. Ke nan tun kafin a zo maganar gudu, layin ya riga ya gaya mana zafin wurin.

Amsar tambayarki ita ce feshin biyu ne. Ɗaya ya karkato wajenmu, ɗayan ya ba mu baya. Wanda ke tahowa haskensa yana iso mana da ƙarin ƙarfi, layinsa ya haura. Wanda ke tafiya nasa ya ragu, ya gangaro. A lokacin da tazarar ta fi faɗi za ki ga ɗaya wajen 7.5, ɗayan wajen 5.7.

Maman Sadiq: Wannan ai Doppler ne. Da shi ake auna gudun jini a jijiya da na cibiyar jariri a sikanin. Jinin da ke nufo na'ura launi ɗaya, mai barinta wani launi.

Ɗan Kurna: Malam na gane biyun. Yawon fa? Me ke sa su tashi daga inda suke?

Malam na Gwale: Ɗan Kurna, ka yi wasan katantanwa kana yaro? In ka murza ta, tana juyawa da sauri, amma kanta kuma yana wani lilo a hankali yana zana da'ira. Haka bakin feshin nan yake, yana lilo a karkace da kusan digiri 20, yana cika zagaye ɗaya cikin kwana 162. Yau ya fi fuskantarmu, bayan wata biyu da 'yan kai ya kauce. Yadda kusurwar ke sauyawa haka layukan ke matsowa kusa da juna, su haɗu, su gitta, su sake rabuwa. An fara ganin wannan a hasken da ido ke gani, a layukan haidurojin, a 1978 da 1979, Bruce Margon da abokan aikinsa suka bi diddiginsa. Sunan kansa daga jerin taurarin da Stephenson da Sanduleak suka wallafa a 1977 ya fito, shi ne na 433. A eksire kuwa EXOSAT na Turai ya fara ganin layin ƙarfen yana gusawa a shekarun 1980, ASCA na Japan da aka harba a 1993 ya raba su biyu-biyu, Chandra na 1999 ya fito da su tsaf har da na silikon da salfa.

Ɗalibar Fiziks: Malam na zauna da biro na gwada wani abu, ku duba mini. Na raba 6.7 da 7.5, na samu 0.893. Na raba 6.7 da 5.7, na samu 1.175. In Doppler ne zalla, ƙarin da ɗaya ya samu shi ɗayan ya rasa, tsakiyarsu ya kamata ya zama 1 cif. Amma ni 1.034 nake samu. Ina rarar nan ta fito?

Malam na Gwale: Allah ya yi miki albarka. Rarar nan ita ce abin da ya fi komai daraja a cikin SS 433. Einstein ya nuna a 1905 cewa abin da ke gudu ƙwarai agogonsa yana jinkiri a wajen mai kallo. Ƙwayar ƙarfe agogo ce, layinta shi ne bugunta. A gudun kashi 26 cikin 100, lissafin jinkirin yana ba da wajen 1.036. Dubi abin da kika samu. Ko a ranar da feshin ya gicciye sosai, ba ya nufo mu ba ya barinmu, layin ba ya komawa 6.7, yana tsayawa wajen 6.5. Kuma daɗin abin, ba ki buƙatar sanin nisan tauraron ko kusurwarsa. Layi biyu na rana ɗaya sun isa su ba ki gudun. Ni duk shekara in na zo koyar da wannan babi, da wannan misali nake farawa, domin yaro yana iya yin lissafin da hannunsa ya ga jinkirin lokaci ya fito.

Alhaji Mai Zinare: Subhanallah. Allah mai iko.

Injiniya na Hotoro: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Malam, wannan na SS 433 na karɓa, domin layi siriri ne, ana ganinsa da ido a zane, yana tafiya yana dawowa kan lokaci, kuma an ɗauki hoton feshin da na'urar rediyo ta VLA an ga ya murɗe daidai da lilon da ka faɗa. Shaida biyu daga hanya biyu. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ke damuna shi ne sauran. Za ka karanta cewa baƙin ramin GRS 1915+105 yana juyawa da fiye da kashi 98 cikin 100 na iyakar da zai iya, haka ma Cygnus X-1. Na je na duba zanen da ake kafa hujja da shi. Wallahi ba layi ba ne, wani ɗan kumburi ne shimfiɗaɗɗe, ba ka ma ganinsa sai an cire abin da suka ce shi ne asalin hasken. Ni aikina sigina ne. Na san in ka ba ni 'yancin zaɓar abin da zan cire, zan iya fito maka da kumburin da kake so.

Ɗan Kurna: Yaya Injiniya, wane kumburi kuma? Ku yi mana a hankali.

Malam na Gwale: Bari in shimfiɗa masa, sannan in amsa Injiniya. A yawancin waɗannan taurari ba ma ganin layi daga cikin feshin kwata-kwata. Abin da muke gani kashi uku ne. Akwai hasken faifan kansa, mai laushi, wajen 1 keV. Akwai haske mai tauri daga wata iska mai tsananin zafi da ke kusa da ramin, inda elektron ke bugun hasken faifai suna ƙara masa ƙarfi har ya kai 100 keV. Na uku, wannan mai taurin yana haska faifan, ƙarfen da ke ciki ya amsa, kamar dai yadda sarƙar Alhaji ke amsawa, a tsakanin 6.4 da 7.0, tare da wani tudu wajen 20 zuwa 30 keV.

To faifan juyawa yake, gefe ɗaya na tahowa, ɗayan na tafiya, sai layin ya buɗe. Gefen da ke tahowa ya fi haske. Sannan hasken da ya taso daga bakin rami yana rasa ƙarfi wajen fitowa, sai layin ya ja jela zuwa ƙasa, har 4 keV ko ƙasa da haka. Tsawon jelar shi ke nuna iya kusancin faifan da ramin. Rami mai nauyin rana 10, in ba ya juyawa, faifan ba zai matsa ƙasa da kilomita 90 ba. In yana juyawa iyakar juyi, zai iya kaiwa wajen kilomita 15. Daga nan ake ciro juyin. Andrew Fabian da abokansa suka tsara lissafin a 1989, kuma a kan Cygnus X-1 suka fara gwada shi.

Injiniya, rabin maganarka gaskiya ce, kuma su kansu masu aikin suna faɗa. Jelar tana iya rikicewa da iskar da ke tare haske a hanya. Tauraro mai haske da yawa yana cika na'ura, ɗigon haske biyu su faɗo tare a ƙirga su ɗaya mai ƙarfi, bakan ya lanƙwashe. Sannan dole a ɗauka cewa faifan ya kai iyakar ciki, alhali ana gardama a kan haka a lokacin da tauraron ke cikin yanayin tauri, wato sa'ad da hasken mai tauri ya rinjaya. Inda na rabu da kai shi ne cewa za ka fito da abin da kake so. Tun da aka harba NuSTAR a 2012, mai gani daga 3 zuwa 79 keV, layin da tudun 20 zuwa 30 ana kama su lokaci guda, kuma na'urarsa ba ta cika irin waccan cikar. Abin da za ka cire dole ya dace da duka biyun. Hannunka ya ɗauru sosai.

Injiniya na Hotoro: Ya ɗauru, amma bai ɗauru tamau ba. Ga abin da ke hana ni sakin jiki. Tun 2015 na'urar LIGO ke kama girgizar da baƙaƙen ramuka ke yi in sun haɗe, kuma mafi yawansu ana samun juyinsu kaɗan ne. Na eksire kuma da yawa daga cikin waɗanda aka auna sai a ce suna gab da iyaka. Ko dai iri biyu ne daban, ko ɗaya daga cikin ma'aunan yana da son kai. Ruwa ba ya tsami banza.

Malam na Gwale: Wannan saɓani yana nan, ba a rufe shi ba. Akwai masu cewa tarihin haihuwarsu ne ya bambanta, akwai masu zargin lissafin faifan. Ni matsayina, layin mai faɗi gaskiya ne, kuma yana fitowa daga kusa da rami. Amma in aka rubuto mini 0.98 da lambobi bayan ɗigo, ba na ba shi nauyin da nake ba 0.26 na SS 433. Na biyun ƙwayar ƙarfe ce ta faɗa da bakinta. Na farkon sai an bi ta hannun zato uku ko huɗu.

Ɗalibar Fiziks: Malam, ka ce a yawancinsu ba a ganin layi daga feshin. To da me aka san abin da ke cikinsa?

Malam na Gwale: Nan ne ciwon kan fannin gaba ɗaya. Feshin GRS 1915+105 ko na Cygnus X-1 a rediyo ake ganinsa, kuma hasken rediyon daga elektron masu gudu cikin maganaɗisu yake fitowa, santal ba layi. Yana gaya maka akwai elektron, ba ya gaya maka wa ke rakiyarsu. In ƙwayoyi masu nauyi ne, irin furoton da ƙarfe, feshin yana ɗauke da ƙarfi mai yawan gaske, kuma alama ce daga faifan aka kwaso kayan. In positiron ne, kishiyar elektron mai ɗan nauyi kaɗan kamarsa, to feshin sakayau ne, kuma ya fi dacewa da ra'ayin Blandford da Znajek na 1977 cewa daga juyin ramin ake tatsar ƙarfin. SS 433 kaɗai ne ya nuna kayan cikinsa ba gardama: haidurojin, hiliyam, silikon, ƙarfe, har da nikel da ya fi ƙima.

Injiniya na Hotoro: An ce an samu na biyu ai.

Malam na Gwale: An ce. A 2013 María Díaz Trigo da tawagarta suka wallafa a mujallar Nature cewa tauraron ɗan Adam XMM-Newton ya ga layukan ƙarfe da nikel da suka gusa a 4U 1630-47, da gudun wajen kashi biyu cikin uku na haske, a daidai lokacin da rediyo ya nuna feshi. Murna ta tashi. Bayan haka wasu suka duba tauraron ba su ga layukan ba, wasu kuma suka sake lissafa bayanan nan dai, suka sauya yadda ake ƙiyasta iskar da ke tsakaninmu da shi, suka ce ba a buƙatar layukan. Irin abin da kake tsoro ke nan, Injiniya, kuma ka lura masu fannin ne da kansu suka tono shi.

Maman Sadiq: Mu ma haka ne. Inuwa ɗaya a hoton huhu, likita biyu su karanta ta daban. Shi ya sa ake cewa a sake ɗauka ta gefe.

Ɗan Kurna: Ni fa wani abu na gani a bidiyo, wai feshin GRS ɗin nan ya fi haske gudu. Ba an ce ba abin da ya fi haske gudu ba?

Ɗalibar Fiziks: Wannan bari in gwada amsawa, Malam ya gyara. A 1992 tauraron ɗan Adam Granat ya gano GRS 1915+105. A 1994 Mirabel da Rodríguez suka bi wasu dunƙule biyu da ya tofo, da VLA, suka ga ɗaya kamar yana tafiya da ninki 1.25 na gudun haske. Gani ne kawai. Dunƙulen yana bin bayan hasken da shi kansa ya fitar, yana rage masa hanya. Hasken da ya saki daga baya tafiyarsa ta fi gajarta, sai ya iso mana da wuri, mu kuma mu ɗauka duk tafiyar cikin ɗan lokaci aka yi ta. Da lissafinsu, gudun gaske kashi 92 cikin 100 ne a kusurwar digiri 70. In ka saka waɗannan a ƙa'idar, 1.26 ke fitowa.

Malam na Gwale: Ba gyara, sai ƙari ɗaya. Wancan lissafi ya jingina da nisan da suka ɗauka. A 2014 aka auna nisan kai tsaye aka samu wajen shekarar haske 28,000, ƙasa da abin da aka zata, nauyin ramin kuma wajen rana 12, saboda haka gudun ma ya sauko. Kin ga bambancinsa da lissafin da kika yi ɗazu.

Tunda an taɓo GRS 1915+105, akwai abin da ba zan bari ya wuce ba, domin a nan ne bakan eksire ya fi yi wa masu nazarin feshi amfani. Waɗannan taurari suna sauya yanayi. In hasken mai tauri ya rinjaya, akwai feshi a rediyo, dindindin. In faifan ya rinjaya, bakan ya yi laushi, feshin sai ya mutu. An ga haka a GX 339-4 da wasu da dama. A 2009 Joseph Neilsen da Julia Lee suka tattara kallon da Chandra ya yi wa GRS 1915+105 na shekaru, suka ga cewa a yanayin tauri akwai layin ƙarfe mai faɗi da ya taso sama, a yanayin laushi kuma sai wani siririn giɓi ya bayyana wajen 7 keV. Giɓin yana nufin akwai ƙarfe figagge tsakaninmu da hasken yana shanye shi, kuma ya ɗan gusa sama, alamar yana nufo mu da gudun wajen kilomita 1,000 a daƙiƙa. Wato wata iska ce ke tashi daga faifan. Suka ce iskar tana kwashe kayan da feshin zai ci. Ko ita ke kashe feshin, ko wani abu na uku ke sauya su biyun, ana kan tattaunawa, amma musayar tasu ana ganinta a taurari da yawa, musamman waɗanda muke kallo ta gefen faifai.

Alhaji Mai Zinare: Malam, ni tambayata ta 'yan kasuwa ce. Duk wannan na'urori na Amurka da Japan da Turai ne. Yarinyar nan tana Kano. In ta gama wahalar, me za ta taɓa da hannunta? Kada mu zuga ta ta ƙare da kallon hotunan mutane.

Ɗalibar Fiziks: Baba Alhaji, na gode da kulawa. Amma bayanan a buɗe suke. Abin da Chandra da XMM-Newton da NuSTAR suka ɗauka, bayan ɗan lokaci ana zuba shi a rumbun intanet, irin HEASARC na NASA, kowa ya sauke kyauta. Manhajar da ake lissafin da ita, XSPEC, ita ma kyauta ce. Abin da nake buƙata kwamfuta ce mai Linux, da data, da wutar da za ta zauna. Cikin ukun nan wutar ce ta fi ba ni wahala, sai na haɗa da caji a makaranta.

Injiniya na Hotoro: Kuma nahiyar nan ba 'yar kallo ba ce, Alhaji. MeerKAT na Afirka ta Kudu, mai faranti 64, yana cikin na'urorin da ake bin feshin irin waɗannan taurari da su a rediyo. H.E.S.S. na Namibiya ya wallafa sakamako a 2024 kan hasken gamma da ke fitowa daga feshin SS 433, can nesa a cikin ragowar tauraron da ya fashe, W50, bayan HAWC na Meziko ya fara ganinsa a 2018. Ƙanwata, batun wuta ki bar shi a hannuna, akwai ƙaramar batir da sola da ba na amfani da su. Sharaɗina ɗaya: in kin yi lissafin, ki kawo mana zanen kafin a cire komai da kuma bayan an cire, mu gani da idonmu.

Alhaji Mai Zinare: To madalla. Kuɗin data na wata uku a kaina. Mai kula da zaure ya haɗa ni da mahaifinta ko yayanta, ta hannunsu zan bayar.

Ɗan Kurna: Malam, daga nan Kano ana iya ganin wurin da yake?

Malam na Gwale: Wurin, ƙwarai. Yana cikin rukunin Akwila, ba nisa da tauraro mai haske Altair, kuma da yake yana digiri 5 arewa da tsakiyar sama, Kano kuma tana kan 12, kusan ta tsakar ka yake wucewa da daddare a watannin damina, in hadari ya yi sarari. Shi kansa ido ba ya kama shi, ya dushe da yawa, sai da madubin hangen nesa mai girma. Ko a eksiren ma ba shi da haske sosai, domin ta gefe muke kallonsa, faifan mai kauri ya rufe tsakiyar. Ƙarfin da feshin ke ɗauke da shi ya ninka eksiren da ke iso mana wajen sau dubu.

Ɗalibar Fiziks: Na gode Baba Alhaji, na gode Yaya Injiniya, Allah ya saka da alheri. Malam, da wanne zan fara? Na ga ana maganar XRISM.

Malam na Gwale: XRISM tauraron ɗan Adam ne na Japan, ya tashi a Satumba 2023, bayan an yi asarar magabacinsa Hitomi a 2016 wata ɗaya da 'yan kwanaki da harba shi. Ma'auninsa ana sanyaya shi zuwa 0.05 a ma'aunin Kelbin, wato gab da iyakar sanyi, yana auna ɗumin da kowane ɗigon haske ya kawo, kuma yana bambance layuka da tazarar wajen 5 eV (keV ɗaya eV 1,000 ne), inda kyamarorin da suka gabace shi ke buƙatar fiye da 100 a wajen layin ƙarfe. Murfin gabansa bai buɗe ba, saboda haka ba ya ganin ƙasa da wajen 2 keV, amma yankin ƙarfe lafiya lau. Ya riga ya duba Cygnus X-3 ya fito da dajin layuka. Shi ne zai tsananta wa gardamar Injiniya, domin siraran giɓin iska da a da suke narkewa cikin layi mai faɗi yanzu za su fito daban a cire su.

Amma ke kada ki fara da shi. Fara da Chandra, bayanan da aka ɗauka da matsefin haske na HETG, domin an yi rubutu da yawa a kansu, kina da abin da za ki gwada sakamakonki da shi. Zaɓi kallo biyu na SS 433 da suka faɗo a wurare daban na zagayen kwana 162, ɗaya lokacin da layukan suka rabu sosai. Ki duba kwanan watan da kyau kada ya zo daidai da husufin da ke faruwa duk kwana 13, lokacin da ƙaton tauraron ke rufe gindin feshin, domin a nan layukan ƙarfe masu zafi suna raunana. Akwai kuma wani layi a 6.4 da ba ya motsi, na ƙarfe mai sanyi ne da ke kewayen, kada ki ɗauke shi na feshi. Ki fitar da gurbin layi biyun a kowane kallo, ki yi lissafin nan naki na tsakiya, ki kawo mana lambobin biyu tare da iyakar kuskurensu. Ranar Asabar bayan la'asar ina makaranta, ki zo da kwamfutar mu girka manhajar tare.

Injiniya na Hotoro: Ni ma zan zo da batirin. A ajiye mini zanen da ba a taɓa ba.